Arzika Mai Rumfa da Farantan Sauraron Rana

A Tawa, in ka ga rumfar zana ta ci damina da yawa tana tsaye, iska bai karkatar da ita ba, yawanci aikin Arzika ne. Shi ya kafa wadda masu fura suke zama ƙarƙashinta a bakin kasuwa, shi ya kafa ta masu gyaran babur, da ta ƙofar masallacin unguwarmu. Mun daɗe muna maƙwabtaka da shi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ba doguwa ba ce.

Mutumin Bambeye ne. Da ƙuruciya ya bi sa'o'insa zuwa Abijan kamar yadda samarin ƙasarmu ta Adar suke yi, ya yi talla, ya yi gadi, bai daɗe ba ya dawo. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce ƙasar ba ta san darajar inuwa ba. Ko'ina itace, ko'ina gajimare, mutum ya wuni yana kafa rumfa babu mai ce masa sannu. Daga nan ya zauna Tawa, inda ake cewa sannu.

Ba ya gaggawar aiki. In ka kira shi, zai zo da hantsi ya tsaya ya dubi wurin, ya tafi. Ya dawo da azahar ya sake duba, ya dawo da la'asar. Sai ya ga duk inda rana ke biyowa kafin ya haƙa ramin dirka ta farko. Dirkokinsa yana ƙona gindinsu saboda gara, igiyarsa ta kaba shi yake tufka abarsa, kuma ɗaurin da ya yi ba ya kwantuwa sai da wuƙa. Zana kuwa Aghali ke kawo masa a amalanken jaki daga wajen Affala. Aghali Buzu ne, dogo, mai son shayi da tsokana, kuma tun suna da baƙin gemu suke tare.

Abin da aka fi sanin Arzika da shi, ba ya iya ganin abu cikin rana ya wuce. Takalman masallata zai tattara ya mayar gindin bango. Akuyar da aka ɗaure a fili zai kwance ya kai ta inuwa, mai ita ya yi ta nema. Ya taɓa rufe babur ɗin wani baƙo da tabarma, har baƙon ya fara kururuwar an sace. Ba ya zagin rana. Yakan ce shi da ita suna gaisawa ne daga nesa, kuma hakan ya ishe su.

Autarsa sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Hajaratu, don haka bai taɓa kiran sunan ba. Inna yake ce mata tun tana rarrafe, kuma mutum ba ya musu da innarsa. Ta yi lakwal, wato firamare, ta yi lise, wato sakandare, ta wuce jami'a a Yamai. Da ta kai shekarar ƙarshe ya tambaye ta, a kan me za ta yi babban aikin da malamai za su duba kafin su sallame ta. Ta ɗaga yatsa sama, ta nuna masa rana. Aghali yana wurin, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, ya ce mutum ya ƙare rayuwarsa yana korar abu daga ƙofar gida, ɗiyarsa ta je ta ɗauko shi ta bayan gida. Arzika ya ce Buzu bai san komai game da gida ba, tunda nasa a bayan raƙumi ake ɗaure shi.

A ƙarshen bazarar nan da ta wuce ta zo da kayanta a saman mota. Tsofaffin farantan kallon talabijin ne, irin waɗanda ake kafewa a kan soro, ta tattaro su daga hannun masu gyara, da wayoyi nannaɗe, da akwatin ƙarfe, da batir da allon sola. Ta ce cikin gari ba zai yiwu ba, wayoyin hannu da injinan wuta sun cika wurin da surutu. Arzika yana da wani fako na gado a hanyar Bambeye, wurin da ko ƙaya ba ta son fitowa. Can aka kai su.

Ta yi masa bayani a hankali, suna tsugune bakin fakon. Ta ce rana ba haske da zafi kaɗai take aikowa ba, tana aiko da wata irin ƙara da kunne ba ya ji, irin wadda rediyo ke kamawa. Faranti ɗaya yana jin ta a dunƙule, kamar mai tsaye a bayan gari yana jin hayaniyar kasuwa bai san daga wace rumfa take fitowa ba. Amma in aka jera su da yawa daga gabas zuwa yamma, duk suna kallon wurin da rana ke ratsawa da tsakar rana, aka haɗa wayoyinsu cikin akwati ɗaya, sai a gane ta wane gefen fuskarta hayaniyar ta fi yawa. Da haka ake zana taswirar fuskar, nan shiru, nan surutu. Ta ce ta zaɓi wannan lokaci ne domin yanzu rana tana bin kusan hanya ɗaya kullum, ba sai an riƙa gyara zaman farantan ba. Ta kuma ce ƙarfe ne ke tare wannan ƙara ya mayar da ita, shi ya sa faranti ke iya tara ta zuwa ɗan kan robar da ke gabansa. Arzika yana gyaɗa kai, amma idonsa yana kan farantan, da suke kwance a fili babu ko ƙyalle a kansu.

Ta sa masa abin ji a kunne da rana ta kai tsaka. Ya saurara, ya daɗe. Ya ce kamar ana soya albasa a gidan maƙwabta. Ya miƙa wa Aghali, shi kuma ya ce a'a, wannan butar shayi ce ta kusa tafasa, kuma ranar ta fi Arzika iya hira.

Sa'a ta zo mata da wuri. Ba a jima da jera farantan ba, sai wani wuri mai tsananin ƙara ya ɓullo a gefen gabas na fuskar rana. Ta ce rana tana juyawa a hankali, wurin zai ratsa fuskar cikin kamar mako biyu, ya faɗa ta gefen yamma ya ɓace, kuma ba lallai ya sake dawowa ba. In ta bi shi kullum daga fitowarsa har faɗuwarsa, aikinta ya kammala, malamai su sallame ta bana. In ya kuɓuce mata, babu taswira, babu sallama.

Arzika ya ji wannan sarai. Abin da ya fi damunsa dai shi ne kawunan robar nan. Ya taɓa ɗaya da azahar ya janye hannu da sauri. Ya kwana biyu yana zagaya maganar, sannan ya ce, "Inna, kayan nan naki ba su yi wa kowa laifi ba. A bar ni in ɗan rufa musu."

Ta yi dariya, ta ce ai rana suka zo saurare. Amma da yake ta san ubanta, sai ta ce a gwada. Aghali ya riƙe busasshiyar zana bisa faranti ɗaya, ita tana kallon ordinatarta, wato kwamfutarta. Layin da ke hawa da sauka a gilashinta, mai nuna ƙarar rana, bai ko girgiza ba. Ta ce ƙarar tana ratsa busasshiyar ciyawa kamar yadda ruwa ke ratsa rariya, don haka in yana so ya rufa, ya rufa, kawunan ma za su huta.

Wannan magana ta yi wa Arzika daɗi ta gefe ɗaya, ta ɗan sosa shi ta ɗaya gefen. Ashe duk shekarun nan rana tana shiga rumfunansa tana surutu a kan mutane, shi bai sani ba. Aghali bai bar shi ya manta da wannan ba har suka iso gari. Duk da haka washegari ya kafa rumfa doguwa, daga gabas zuwa yamma, ta rufe farantan duka. Masu wucewa a hanyar Bambeye suka riƙa ratsowa suna tambaya ko sabuwar kasuwa za a buɗe. Ya riƙa ce musu a'a, kayan ɗiyarsa ne ke aiki, a yi magana a hankali.

Ana cikin haka aka kira Hajaratu Yamai, malaminta yana son ganin abin da ta fara samu. Ta ce ba za ta wuce mako ba. Akwatin yana ɗaukar komai da kansa yana ajiyewa, abin da ake so kawai a share ƙura daga allon sola, a hana awaki tauna waya. Ta bar wa ubanta amanar, ta hau mota.

Kwana ɗaya da tafiyarta hadari ya fara haɗuwa a gabas. Bai zubar ba, ya yi ruri ya watse, kamar yadda yake yi kafin ruwan shuka. Amma Arzika ya tsaya ya dube shi, ya dubi zanarsa. Ya san zana, ya san iyakarta. Tana tare rana, ba ta tare ruwa. Kuma a Adar, abin da mutum yake girmamawa ba ya barinsa ƙarƙashin ciyawa in yana da halin kwano. Ɗakin amarya kwano, shagon mai arziki kwano. In zana ta yi wa farantan amfani, a ganinsa, kwano sai ya fi.

Yana da kwanon rufi sabo fil a jingine bayan ɗaki, wanda ya daɗe yana tarawa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Salamatu ta ga ana loda shi a amalanke. Ta ce, Malam, ta ɗauka wannan na ɗakinta ne. Ya ce ɗakinta ya saba da yoyo, kayan Inna kuwa baƙi ne. Ta ce to ya tambayi yarinyar tukuna. Ya ce ba a sanar da mutum alheri kafin a yi masa, sai ya zama ciniki. Salamatu ta koma ga tukunyarta. Ta wannan gajeriyar katanga na ji tana gaya wa tukunyar wasu maganganu.

Bai taɓa yin aiki irin wannan ba. Ya cire zanar, ya ƙara tanka, ya shimfiɗa kwanon, ya bi shi da ƙusa kusa da kusa, kowace ya lanƙwasa bakinta ta ƙasa don kada iska ta samu abin kamawa. Aghali yana miƙa masa ƙusa yana cewa ko gidan gwamna bai sha guduma haka ba. Da suka gama, rumfar tana walƙiya tun daga kan hanya. Ƙarƙashinta farantan suna zaune cikin inuwa mai duhu, irin wadda Arzika ya daɗe yana fatan ya yi wa wani.

Kullum da maraice Hajaratu tana bugo waya ta tambayi kaya. Kullum yana ce mata suna cikin inuwa, lafiya lau. Bai yi mata ƙarya ba ko sau ɗaya.

Ta dawo da motar safe, ba ta ko shiga gida ba ta ce a wuce fako. Ni ma na bi su a amalanken Aghali, don an ce mini akwai abin gani. Arzika ya sa rigarsa ta Juma'a. Muna hawa tudun da fakon yake kai, hasken kwanon ya bugo mana ido. Hajaratu ta sa hannu ta kare fuska, ta tambaya ko wani ya yi gini kusa da wurin. Ubanta ya yi gyaran murya, ya dubi kunnuwan jaki.

Ta sauka tun amalanke bai tsaya ba. Ta shiga ƙarƙashin rumfar, ta ɗaga kai ta dubi kwanon, ta daɗe. Sannan ta buɗe akwatin ta jona ordinatar. Layin da ya saba hawa da sauka yana kwance shimfiɗe, kwana bayan kwana, tun daga ranar da aka buga ƙusar ƙarshe. Ta zauna a ƙasa.

"Baba, yaushe ka sa wanga?"

Ya gaya mata. Ya ƙara da cewa ko ɗigo ɗaya ba zai shiga ba.

"Gaskiya ne," in ji ta. "Babu abin da ya shiga."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta nuna masa layin, ta tuna masa abin da ta faɗa game da ƙarfe. Na ga lokacin da maganar ta isa gare shi. Ya cire hula, ya sake sawa. Ya tambaya ko wurin nan mai ƙara ya riga ya faɗa. Ta ce yana bakin gefen yamma, in an samu yau da gobe da jibi za a ga faɗuwarsa, ta samu farko da ƙarshe ko da babu tsakiya. In yau ta wuce, ba ta san abin da za ta kai Yamai ba. Dukanmu muka dubi inuwarmu. Hantsi ya riga ya ɗaga.

Arzika ya ɗauki guduma ya hau. Nan aikinsa ya juya masa baya. Ƙusar da ya lanƙwasa da hannunsa ta ƙi fita, ya yi ta fama da guda ɗaya har gumi ya jiƙa rigar Juma'a, ga ɗaruruwa suna jira. Aghali ya tsaya a ƙasa yana kallo, ya ce da ma an ba wa malalaci aikin, da yanzu iska ta gama musu. Babu wanda ya yi dariya. Sai ya ƙara da cewa, shi dai a garinsu in tanti ya tsaya wurin da bai dace ba, ba a yayyaga shi, ɗauke shi ake yi.

Arzika ya tsaya da guduma a sama. Ya sauko. Ya ce a kira mutane ɗaukar jinka.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan kira. In an gama ɗinka jinkar ɗaki ko ta rumbu a ƙasa, ba mai iya ɗaga ta shi kaɗai, sai a yi shela, duk namijin da ya ji ya ajiye abin da yake yi ya zo ya sa kafaɗa. Ba a tambayar ta wane ne. Lokacin sharar gona ne, gonakin da ke gangaren cike suke da mutane. Aghali ya hau amalanke ya yi kira da muryar da yake kiran raƙuma, Arzika kuma ya bi dirkokin da wuƙa yana yanke ɗaurin da ya haɗa su da rufin. Igiyar da ya tufka da hannunsa ce. Bai tsaya kallonta ba.

Suka zo da kalme da gatari a kafaɗa, wasu daga Bambeye, wasu masu wucewa ne da suka jingine kekuna. Wani tsoho ya duba ya ce shi bai taɓa ganin jinkar da ake saukewa daga ɗakin da babu bango ba, ya tambaya wa ke ciki. Aka ce masa farantai. Ya ce to, Allah ya ba su lafiya, ya sa kafaɗa. Hajaratu tana bin su tana roƙo a kula da waya, kada a taɓa faranti ko da gwiwa, don in ɗaya ya goce sai an sake saiti. Arzika ya raba rufin gida uku, ya tsaya a gaba yana ba da murya. Aka ce bismillah, aka ɗaga. Rufin kwano ya tashi ya kama tafiya a kan fako da ƙafafu masu yawa, yana rangaji, yana ƙara, awaki suna gudu. Aka ajiye shi can nesa, aka dawo aka ɗauki na biyu, sannan na uku.

Da aka gama, inuwar mutum ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Dirkoki suna tsaye tsirara, farantan suna kallon sama. Masu ɗauka ba su tafi ba, suka kewaye Hajaratu suna leƙen ordinatar, kowa yana haki. Layin yana kwance. Ya ɗan motsa. Sannan ya fara hawa, ya sauka, ya sake hawa fiye da na farko. Hajaratu ta sa yatsa a kan wani tudu da ya fi sauran tsini ta gefe ɗaya, ta ce ga shi nan, bai faɗa ba tukuna. Tsohon nan ya tambaya ko wannan yana nufin ruwa ya kusa. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce to, karatun da saura.

Arzika yana tsaye a bayanta, tsakiyar fili, rana tana dukan ƙeyarsa. Ga kwano can a ƙasa, ga amalanke da ƴar inuwa a ƙarƙashinsa, bai je ko ɗaya ba har aka gama. Salamatu ta aiko da fura cikin babbar ƙwarya, aka sha a tsaye.

Hajaratu ta samu kwanakin ƙarshen. Taswirar da ta kai Yamai tana da gefen gabas, tana da gefen yamma, tsakiyarta fari fat. Malamai suka duba, suka ce aikin yana da kyau kuma farantan sun nuna suna ji, amma ba a sallamar mutum da fuskar da babu hanci. Suka ce ta koma Tawa baɗi war haka, ta jira wani wurin ya ɓullo, ta bi shi daga farko har ƙarshe, kuma kada ta gusa daga wurin ko kwana ɗaya.

Da labarin ya iso, na leƙa ta katanga na yi wa Arzika jaje. Ya ce wallahi abin ya dame shi ƙwarai, shekara guda ta yarinya ta tafi saboda shi. Ya ce yanzu dole ta zo ta zauna gida wata biyu, ko uku ma, tunda ba a san ranar da wurin zai ɓullo ba. Ya sake cewa abin ya dame shi. Yana faɗa yana tufka igiya, da sauri fiye da yadda ya saba, kuma ya tambaye ni ko na san mai sayar da katifa mai kyau.